Sunaye Barkatai, Farashi a Ɓoye: Yadda Tsare-tsaren Kiran Waya Ke Rikita 'Yan Kasuwa

IKKO: A kowace safiya, tun kafin motocin tumatur da albasa su gama sauke kaya a kasuwar Mile 12 da ke Ikko, an riga an yi ta buga waya zuwa Kano da Zariya da Sakkwato domin jin yadda farashi ya kwana. Haka abin yake a Alaba Rago, da Sabon Ibadan, da kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya. Dillalin da ke riƙe da wayar zai iya faɗin kuɗin kwandon tumatur na jiya da na shekaranjiya ba tare da ya duba takarda ba. Ya san kuɗin mota, ya san la'ada, ya san abin da 'yan dako za su karɓa. Amma in aka tambaye shi nawa ne kuɗin minti ɗaya na kiran da yake yi, da wuya ya ba da amsa. Iyakar abin da zai ce shi ne ya sa kati da safe, kafin la'asar kuma an sanar da shi cewa kuɗinsa ya ƙare.

Wannan rashin sani bai samo asali daga sakaci ko ƙarancin ilmin lissafi ba, domin kuwa mutanen da ake magana a kansu da lissafi suke kwana, da shi suke tashi. Tushen matsalar shi ne yadda kamfanonin sadarwa suka shafe shekaru suna sayar da hajarsu da suna maimakon da farashi. Mai layi ba ya jin an ce masa minti kaza Naira kaza, sai dai ya ji an ce ya koma tsari kaza, wanda aka laƙaba wa wani suna mai daɗin ji, alhali sunan bai faɗi komai ba game da abin da za a cire daga aljihunsa.

Alkaluman da jaridun ƙasar nan suka buga a shekarar 2024 sun nuna girman lamarin. A lokacin, kamfanin MTN yana da tsarin kira 14 da tsarin data 145. Airtel yana da tsarin kira 27 da na data 41. Globacom yana da na kira 6 da na data 32. 9mobile kuwa yana da na kira 7 da na data 97. Jimla tsare-tsare 369 ke nan daga kamfanoni huɗu kacal, waɗanda dukkansu abu uku suke sayarwa: kira, da saƙo, da data. Ba a taɓa jin kasuwar hatsin da ake auna gero da mudu iri 369 ba, kuma da za a yi haka, da Sarkin Kasuwa bai bari an kai azahar ana ciniki ba.

Abin bai faro da haka ba. Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu a hannun kamfanin gwamnati na NITEL suke. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a ƙarƙashin jagorancin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, inda aka tsayar da farashin kowane lasisi a kan Dala miliyan 285. A watan Agustan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. Farashin wancan zamani mai tsada ne ƙwarai, amma ba shi da duhu: Naira 50 ce kuɗin minti ɗaya, kuma ko sakan biyar mutum ya yi yana magana, kuɗin minti cikakke za a cire masa. Shi kansa layin dubban Naira ake sayensa. Kowa ya san cutar da ake yi masa, ya kuma san sunanta, shi ya sa ba a sha wahalar haɗa kan jama'a ba a ranar 19 ga Satumba 2003, lokacin da ɗimbin masu layi suka kashe wayoyinsu domin nuna fushi a kan tsada da rashin kyawun sabis.

A daidai wannan lokaci ne, a watan Agustan 2003, kamfanin Globacom na Cif Mike Adenuga ya shigo kasuwa da lissafin sakan-sakan, abin da sauran kamfanonin suka daɗe suna nuna cewa ba zai yiwu da wuri ba. Kafin a daɗe su ma suka bi sahu. Babu shakka wannan ci gaba ne, kuma masu layi sun ga sauƙi. Sai dai daga nan ne farashi ya tashi daga Naira ya koma kwabo, ya tashi daga minti ya koma sakan. Kowa ya san nauyin Naira 50, amma kwabo 11 a kowane sakan ba ya nuna wa mai ji komai sai ya ninka shi sau 60 ya ga Naira 6 da kwabo 60 ce a minti, a ƙasar da aka daina ganin kwabo a hannun jama'a tun tuni. Da aka ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020, sai ga farashi irin su kwabo 11.26 a sakan, lambar da ko malamin lissafi sai ya nemi alƙalami kafin ya gwada ta da wata.

Da gasa ta yi zafi, musamman bayan shigowar Etisalat a 2008, sai sunaye suka fara kwarara. A lokuta daban-daban MTN ya fito da Pulse da iPulse da mPulse, da TruTalk da BetaTalk, da XtraValue da XtraSpecial, da AWUF4U da YafunYafun. Airtel ya jera SmartConnect da SmartTalk da SmartTrybe da SmartValue da SmartPremier da SmartRecharge, waɗanda dukkansu da kalma ɗaya suka fara, ta yadda mai sayar da kati a bakin titi ma yakan rikita su. Glo ya zo da Infinito da Gbam da Bounce da Bumpa da Jollific8 da Yakata da Berekete. Etisalat yana da EasyStarter da EasyCliq da EasyLife da EasyFlex, da ya koma 9mobile a 2017 kuma sai aka sake musu suna suka zama Moretalk da Morecliq da Morelife da Moreflex. Su kansu kamfanonin ba su tsira daga sauyin suna ba: wanda ya sayi layin Econet a 2001 ya wayi gari yana Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, duk bai motsa daga inda yake ba. Shi ma 9mobile ya koma T2 a 2025.

Mafi yawan waɗannan sunaye daga Ingilishi ko Burokan na kudancin ƙasar nan aka samo su, kuma ma'anarsu ba ta wuce yalwa, ko ɓagas, ko magana mai daɗi ba. Ga Bahaushen da ke Agege ko Idi-Araba, wanda ya saba da harshen titin Ikko, sunan zai iya ba shi dariya ko da bai ba shi haske ba. Ga abokin cinikinsa da ke ƙauye a Arewa, wanda shi ne ke ɗaya bakin wayar, sunan sauti ne kawai. Akwai ma abin lura a sunan wani tsarin Airtel da ake kira Ovajara, domin kalmar jara da 'yan kudu ke amfani da ita, da yawa na danganta asalinta da gyara ta Hausa, wato ɗan ƙarin da mai awo ke yi wa mai saye bayan an cika mudu. To amma gyara ta kasuwa a gaban idon mai saye ake yin ta, kuma da irin hatsin da ya saya. Gyaran kamfanonin waya, wanda ake kira garaɓasa ko bonas, da wani mudu dabam ake auna shi, kuma a nan ne akasarin koke-koken jama'a suka taru.

Domin fahimtar yadda abin ke aiki, a ɗauki wani misali na lissafi, wanda ba farashin wani kamfani ba ne. A ce akwai tsarin da ke yi wa mai layi alkawarin cewa in ya sa katin Naira 1,000 za a ƙara masa garaɓasar Naira 4,000, wato ya sami ninki biyar ke nan. Abin da tallar ba ta ɗaga murya a kansa ba shi ne, a wannan tsari kuɗin kira kwabo 60 ne a sakan, wato Naira 36 a minti. Naira 1,000 ɗinsa za ta ba shi kimanin minti 28, garaɓasar kuma kimanin minti 111, jimla minti 139. A gefe guda kuma akwai wani tsari maras garaɓasa, mai kwabo 15 a sakan, wato Naira 9 a minti, inda Naira 1,000 ɗin nan za ta ba da minti 111 ita kaɗai. Ashe ninki biyar ɗin da aka yi shela ya tsaya a ƙarin minti 28, kwata ɗaya ke nan na abin da zai samu ba tare da wata garaɓasa ba.

Ba a nan lissafin ya ƙare ba. Garaɓasa tana da wa'adi, sau da yawa kwanaki kaɗan, kuma akan gindaya mata sharuɗɗa: wani kaso na kiran layukan kamfanin ne kawai, wani na data ne, wani ba ya aiki sai da dare, ba a kuma iya sayen data ko tura wa wani kuɗi da ita. In wa'adin ya cika mai layi bai ci fiye da rabin garaɓasar ba, to abin da ya samu a zahiri bai wuce minti 83 ba, ƙasa da minti 111 da tsari maras ado zai ba shi. Ya yi asara ke nan alhali yana ganin ya ci riba, kuma babu wata takarda da za ta nuna masa hakan.

Wata dabarar da aka daɗe ana amfani da ita ita ce kuɗin buɗe ƙofa na kullum. A irin wannan tsari, ana cire wani ƙayyadadden kuɗi a kiran farko na kowace rana, ko kuma a caji minti na farko da tsada, sannan sauran kiraye-kirayen ranar su sauko zuwa farashin da aka yi talla da shi. A sake ɗaukar misali: tsari na ɗaya Naira 15 ne a minti babu wani ƙari, na biyu kuma Naira 9 a minti bayan an cire Naira 10 ta rana. Tsohuwar da ke kiran ɗanta na minti ɗaya a rana za ta biya Naira 15 a na farko, Naira 19 a na biyu. Dillalin da ke magana minti 30 a rana zai biya Naira 450 a na farko, Naira 280 a na biyu. Tsarin da ya yi wa dillali rana shi ne ya cuci tsohuwa, kuma sunayen tsare-tsaren biyu ba su gaya wa ko ɗayansu inda ya dace da shi ba. Bambancin Naira 170 a rana ga dillali ya kai Naira 5,100 a wata, ga mai kamfanin sufuri da ke biyan kuɗin layukan direbobi da yara goma kuwa, Naira 51,000 ce ke zirarewa duk wata ba a san ta inda ta bi ba.

A ɓangaren data, wadda a yanzu ita ce ta fi cin kuɗin jama'a, ruɗanin ya fi haka yawa. Akwai ta kwana ɗaya, ta kwana biyu, ta mako, ta wata. Akwai ta dare, ta ƙarshen mako, da wadda ba ta buɗe komai sai WhatsApp ko Facebook ko YouTube. Akan ce gigabait kaza, amma in an duba ƙasa-ƙasa sai a tarar wani kaso daga ciki ba ya aiki sai bayan tsakar dare, lokacin da mai shago ya yi nisa a barci. Ga 'yan kasuwa wannan ya wuce batun nishaɗi, domin ta WhatsApp ake aika hoton kaya da shaidar biyan kuɗi, da data na'urar POS ke aiki, da ita ake shiga manhajar banki. Wanda datarsa ta yanke ana tsakiyar ciniki ya san abin da ya rasa. Hukumar NCC ta bayyana cewa yawan datar da 'yan Nijeriya suka yi amfani da ita a wata guda ya haura terabait miliyan ɗaya a watan Janairun 2025.

Ga kuma ƙananan cire-cire da ke biye da layi kamar inuwa. Rancen kuɗin kira, wanda mutane da yawa ke rugawa gare shi in kati ya yanke, yakan zo da ladan kashi 15 cikin ɗari da ake cirewa tun a farko, ko da gobe za a biya. Duk ɗan kasuwar da ya auna wannan da ruwan da banki ke ɗorawa a shekara zai gane irin tsadar bashin. Akwai waƙar kira da saƙonnin labaran ƙwallo da na kacici-kacici da mutum kan tsinci kansa a ciki bai san lokacin da ya amince ba. Tun daga watan Yunin 2025 kuma, kuɗin hulɗa da banki ta lambobin USSD, Naira 6 da kwabo 98 a kowane zama na sakan 120, daga kuɗin kiran mai layi ake cire shi maimakon daga asusunsa na banki. Idan duk waɗannan suka haɗu a layi ɗaya, ba abin mamaki ba ne mai shi ya rantse cewa ana yi masa sata, ko da kuwa kowane kwabo an cire shi ne bisa wani sharaɗi da ke rubuce a wani wuri.

Nijeriya ba ita kaɗai ke fama da wannan ba. A shekarar 2006, shugabar kamfanin Telecom na ƙasar New Zealand a wancan lokaci, Theresa Gattung, ta tayar da ƙura lokacin da ta furta a gaban masu zuba jari cewa kamfanonin tarho a ko'ina cikin duniya sun yi amfani da ruɗani a matsayin babban makaminsu na talla. Masana tattalin arziki sun daɗe da bayyana dalilin haka. Minti ɗaya na kira a wannan kamfani daidai yake da minti ɗaya a wancan, saboda haka in farashi ya fito fili, kowa zai koma wurin mai araha, riba kuma ta ragu. In kuwa aka lulluɓe farashin da suna da garaɓasa da sharuɗɗa, gwada wannan da wancan ya zama aiki, yawancin mutane kuma sai su haƙura su zauna inda suke. Wataƙila wannan na cikin dalilan da suka sa damar sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba, wadda aka ƙaddamar a watan Afrilun 2013, ba ta girgiza kasuwa yadda aka yi tsammani ba. Maimakon sauya sheƙa, ɗan Nijeriya ya zaɓi ya riƙe layi biyu ko uku, ya ninka wa kansa sunayen da zai haddace.

Sai dai adalci ne a saurari ɓangaren kamfanonin. Hujjarsu ita ce bukatun jama'a sun bambanta: ɗalibi ba ya amfani da waya kamar attajiri, mai kiran ƙasashen waje ba kamar mai kiran gida ba ne, saboda haka yawan tsare-tsare zaɓi ne ake ba kowa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Haka kuma tun daga 2013 har zuwa 2025 hukuma ba ta amince da wani ƙarin farashi na bai ɗaya ba, alhali kuɗin man dizal da ake zuba wa injunan turakun sadarwa ya yi ninkin-ba-ninki, darajar Naira ta faɗi daga kimanin 460 a Dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Kamfanin MTN na Nijeriya ya bayyana asarar kimanin Naira biliyan 400 bayan haraji a shekarar 2024. Ƙungiyar kamfanonin, ALTON, ta sha kokawa a kan yawan haraji daga matakan gwamnati daban-daban da kuma yanke wayoyin ƙarƙashin ƙasa da masu aikin hanya ke yi. Kamfanin da aka hana shi ƙara farashi a fili, ba abin mamaki ba ne ya nemi gyara lissafinsa ta hanyar janye wani tsari da fito da wani mai sabon suna. Wannan bayani ne na yadda aka kai ga halin da ake ciki, amma bai rage wa mai layi ko kwabo ba.

Ita hukumar NCC ba yau ta fara kai-kawo a kan batun ba. A watan Nuwamban 2012 ta dakatar da duk wata garaɓasa da cacar talla da kamfanonin ke yi, bisa dalilin cewa kyautar mintoci ta cunkushe layuka har kira ya daina shiga. A 2016 ta fito da lambar 2442 domin toshe saƙonnin talla da ba a nema ba. A 2018, a zamanin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta umarci kamfanoni da su daina sabunta wa mutum data ko wani sabis ba da izininsa ba, su kuma ba shi damar ɗora ragowar datarsa a kan sabuwa in ya sabunta cikin wa'adi. A watan Mayun 2023 ta haɗe gajerun lambobin dukkan kamfanoni suka zama iri ɗaya: *310# domin duba kuɗi, *311# domin sa kati, *312# domin sayen data, *323# domin duba ragowar data, *303# domin rance, *305# domin dakatar da ƙananan sabis masu cin kuɗi, sai 300 domin kiran ofishin kula da abokan ciniki. Wannan mataki ya nuna cewa in an ga dama, abin da aka rikita ana iya warware shi cikin ɗan lokaci.

Mataki mafi girma ya zo ne a ƙarshen watan Yulin 2024, a ƙarƙashin Dokta Aminu Maida, wanda aka naɗa shugabancin hukumar a watan Oktoban 2023. Hukumar ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa farashi, inda ta ƙayyade cewa kowane kamfani ba zai wuce tsarin farashi bakwai da ƙunshin saye ɗari ba. Ta ce dole a bayyana kowace garaɓasa da ainihin ƙimarta, wato a faɗi mintoci ko megabait nawa ce, a daina kiran Naira dubbai da ba su da wannan daraja. Ta ce a kawar da kuɗin buɗe ƙofa da farashi mai hawa biyu, a sayar da data ita kaɗai ga mai son ta ba tare da an ɗaure shi da abin da bai nema ba, kowane kamfani kuma ya wallafa jadawali guda da ke nuna sunan tsari, da kuɗinsa, da wa'adinsa, da farashin kira da na saƙo da na data, da sharuɗɗansa. An ba kamfanonin zuwa ƙarshen shekarar su mayar da masu layi daga tsofaffin tsare-tsaren garaɓasa zuwa sababbi.

A takarda, wannan ya taɓo kusan kowane ɗaya daga cikin koke-koken da aka zayyana a sama. Amma masu lura da harkar suna nuni da abu biyu. Na farko, ƙunshi ɗari ga kowane kamfani har yanzu ɗari huɗu ne ga kamfanoni huɗu, adadin da ya zarce 369 ɗin da aka fara kuka da shi, duk da cewa tsarin kira ne ya fi raguwa. Na biyu, an taɓa gwada irin wannan a Ingila, inda hukumar Ofgem mai kula da lantarki da gas ta taƙaita wa kowane kamfani manyan tsare-tsare huɗu a 2014, sannan aka janye dokar a 2016 bayan hukumar kula da gasa ta ƙasar ta gano cewa taƙaitawar ta rage gasa, ta kuma sa an janye wasu tsare-tsaren da ke yi wa jama'a sauƙi. Rage yawan sunaye kaɗai ba ya saukar da farashi. Abin da ya fi muhimmanci a cikin ƙa'idojin na 2024 shi ne sharaɗin faɗin ainihin ƙima, kuma wannan sai an bi shi da sa ido, talla bayan talla, har da waɗanda ake yi da Hausa a gidajen rediyo, inda akan karanto sharuɗɗa da gudu a ƙarshe ko a tsallake su baki ɗaya.

Ba a daɗe ba aka ga gwajin farko. A ranar 20 ga Janairu 2025 hukumar ta amince da ƙarin farashi da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, bayan kamfanonin sun nemi kashi 100. Saƙon tes ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6, wannan kowa ya gane shi nan take, domin abu ɗaya ne mai farashi ɗaya. A ɓangaren data kuwa lissafin ya sake dagulewa. A watan Fabrairu masu layin MTN suka tarar ƙunshin gigabait 15 na mako ya tashi daga Naira 2,000 zuwa Naira 6,000, ƙarin kashi 200 ke nan, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ta kira jama'a su ƙaurace wa layukan na wasu sa'o'i a kowace rana, ƙungiyar masu layi ta NATCOMS ita ma ta nuna adawa da girman ƙarin. Abin da rikicin ya fito da shi fili shi ne, in babu tsayayyen farashin da kowa ya sani, ba a iya gane ko kashi 50 ɗin a kan me aka ɗora shi, a kan farashin asali ko a kan na rangwame.

A halin da ake ciki, 'yan kasuwar da suka ɗauki kuɗin waya a matsayin ɗaya daga cikin kuɗaɗen gudanar da sana'a, kamar hayar shago da kuɗin mota, sukan bi hanya mai sauƙi. Sukan fara da tambayar sunan tsarin da layinsu ke kai ta lambar 300, domin da yawa suna kan tsarin da aka ɗora su tun ranar da suka sayi layin. Daga nan sai su duba kuɗinsu da *310#, su yi kira na minti ɗaya daidai, su sake dubawa. Bambancin shi ne farashin gaskiya, ko me talla ta ce. A data kuma sukan raba kuɗin ƙunshin da adadin gigabait ɗin da ke aiki da rana kaɗai, su bar na dare a gefe. Mai ƙorafi zai fara kai kukansa ga kamfaninsa ya karɓi lambar shaida, in ba a share masa hawaye ba sai ya kira hukumar NCC kyauta a lamba 622, yana riƙe da wannan lambar shaidar.